Buhun Masara a Filin Isa

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma al'amarin ya fara lalacewa. Na sani, domin agogon yana hannuna.

Yayana mai gudun mita ɗari ne. Ni ce na karanto masa dabarar a wani littafin motsa jiki da na aro a makaranta: kafin gudu, mutum ya ɗauki kaya mai nauyi, ya durƙusa ya miƙe sau uku, ya huta minti bakwai. Ƙafafu sai su farka ba tare da sun gaji ba. Wata biyu muna gwadawa a bayan gidanmu a Gangara da buhun gero, ina rubuta lokacinsa. Gudunsa ya ƙaru.

Ranar an taru a Isa domin gasar gudu, za a zaɓi mutum biyu da za su tafi Sakkwato, a ba su gurbi a makarantar kwana. Tun da 'yan bindiga suka hana mu gona, wannan ce kaɗai hanyar da ta rage masa.

Ba mu zo da buhu ba. Wani mai babur ya ara mana na masara da ya ɗauko. Yaya na saɓa shi a kafaɗa mutane suka kewaye mu. A wurinmu in namiji ya ɗaga kaya a fili, gwada ƙarfi yake yi.

Na ƙirga a hankali. Ɗaya, biyu, uku.

"Uku ɗai?" in ji mai babur yana dariya. "Kai samari, kakata ma tana yin haka kafin ta sha hura!"

Aka fashe da dariya, aka hau tafi. Wani dattijo ya fara yi masa kirari kamar ɗan kokawa. Yaya ya sake durƙusawa. Na buɗe baki in ce ya isa, sai na ga maza ne ta ko'ina, na fasa. Na ci gaba da ƙirga a zuci har goma sha ɗaya.

Minti huɗu bayan ya sauke buhun aka kira su layi. Ina ganin cinyoyinsa suna rawa. Ya zo na biyar.

Yanzu kabu-kabu yake yi a hanyar Burkusuma, hanyar da uwarmu ba ta cin abinci sai ta ji ƙarar babur ɗinsa ya dawo. Na yi shekara ban iya ɗaga maganar ba. Wata safiya yana wanke babur na tsaya a bayansa.

"Yaya, da na yi magana ranar nan, da kana Sakkwato."

Bai juyo ba. Ya matse tsumman, ya ce, "Na ji ki sarai da kika ce uku, malama. Ko ihu kika yi ba za ni aje buhun ba. Tun da muka bar gona, ba wanda ya ƙara ce mini sannu da ƙoƙari sai ranar."