Hannun Larai

Tanko mai igiya ya makance yana yaro, shekarar da aka tashe su daga tsohon gari saboda dam. Yakan ce bai yi wata asara ba, tunda duk abin da ya taɓa gani yana ƙarƙashin ruwa, masu ido ma ba su ganinsa.

A wani ƙauye kusa da Wara ya zauna, yana tufka igiyar ɗaure jirage. Matarsa Larai ba ta taɓa ja masa sanda ba. Ɗiyar masu jirgi ce, ta ce daga baya ake tuƙi. Sai ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ta latsa, ya juya. Haka suka tsufa.

Bayan rasuwarta hannun bai bar aiki ba, amma cikin gida kawai. Da ya kai bakin zaure sai ya ji an ɗauke shi. Don haka Tanko ya daina fita.

Bara tafkin dam ɗin ya cika ya shigo gari. Jami'an agaji suka zo da lasifika, suka nuna wa makaho da yatsa inda ruwa ya kai.

"Baba, katangar nan ba ta kai la'asar," in ji shugabansu Surajo, ya kama sandar zai ja.

"Sakar mini sanda. Ni akuya ne?"

"To mi kake jira?"

"Innarku Larai. Ba ta fita, ni ko ba ni barin ta."

Surajo ya leƙa ɗakin. Tabarma ce kaɗai ke yawo bisa ruwa.

Ruwa ya kai gwiwa ana ta magiya. Can sai kafaɗar Tanko ta dama ta sauka, kamar an danna ta.

"To, na ji," ya ce a hankali. "Kada ki ture ni."

Ya taka shi kaɗai, ya kauce wa turmin da ruwa ya rufe, wanda ya kayar da wani jami'i ɗazu. A bakin zaure ya so tsayawa, hannun ya tura shi waje, ya saki. Jami'an suka sa shi a jirgi. Jirgin bai yi nisa ba katangar ta zauna.

Jami'ai sun sha yabo kan iya lallashi.

Yanzu yana makarantar firamare ta Wara tare da sauran waɗanda aka kwaso. Tsakiyar aji yake zama, ba ya jingina da bango. In aka ce ya jingina ya huta, sai ya ce, "A bar bayan nan. Ba ta iso ba tukuna."