Hular Malam Shiru

A tashar tasi Malam Shiru suke ce masa, kuma ba su yi masa ƙarya ba. Mutum ne da zai ɗauke ka daga wannan bakin gari zuwa wancan bai ce maka komai ba sai "mun iso". Matarsa, mai ɗinki a shagon da ke jikin gidansu, ta daɗe da cire rai da daɗin baki daga wurinsa. Abu ɗaya ya iya tun suna saurayi da budurwa: in za ta shiga motarsa, sai ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya cire hularsa ya share mata kujerar gaba, ya mayar da hular kansa da ƙurarta da komai. Da haka ya nemi aurenta, a haka suka yi furfura. Ba ya yi sai in babu idon kowa, ita kuwa ko ƙanwarta ba ta taɓa gaya wa ba. Duk abin da ta mallaka na soyayya a duniya ke nan, kuma ya ishe ta.

Wata rana tana kan keke tana haɗa hannun riga, ƙanwar ta faɗo shagon, waya a hannu, tana dariya har da riƙe ciki. Wai sabon fim ne na barkwanci, wasu sakarkarun 'yan fashi sun shiga banki, direbansu kuma ya faɗa son ma'aikaciyar da suka jawo.

"Yaya, dubi direban da kyau."

Ta duba. Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Motar gidansu ce, har da tsagar da ke jikin gilashin. Ga 'yan fashi sun fito a guje, ƙararrawa na ta kuka, jiniyar 'yan sanda na matsowa, suna ihu a ja mota. Shi kuwa uban 'ya'yanta ya fito a natse, ya zagayo, ya buɗe ƙofar gaba. Sai ta ga hannunsa ya nufi kansa. Ya cire hular, ya share wa yarinyar kujera a hankali, lungu-lungu, shugaban 'yan fashin na buga kai a jikin mota don takaici.

Ba kishi ba ne, kada a yi mata sharri. Yarinyar sa'ar autarta ce. Dariyar ce ta ƙona mata rai. Kafin mako ya zagayo, direbobin tasha sun ɗauka, 'yan makaranta na share wa juna benci da hula, har wata mai kawo ɗinki ta kwaikwaya mata a cikin shagonta, ba ta san gidan wa ta shigo ba. Abin da ta ɓoye tun ƙuruciya ya zama abin nishaɗin gari.

Da ta tsare shi, da ƙyar maganar ta fito, kamar ana zare ƙaya. Masu fim sun yi hayar motar, ɗan wasansu bai iya tuƙi ba, sai suka sa shi. Sun ba shi kalaman soyayya ya haddace, harshe ya ƙi. Mai ba da umarni ya gaji, ya ce ya yi duk abin da ya san ana yi wa macen da ake so.

"Ni kuwa ban san wani ba," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ban zaci abin dariya ba ne."

Tun daga ranar ya rataye hular a bayan ƙofa, ya riƙa fita kai ba komai kamar wanda aka kora.

Ran nan 'yarsu ta haihu, za su asibiti dubiya. Motar na bakin titi, gaban masu shago da masu jiran fasinja. Ta fito ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Yana zaune a gaban sitiyari, ya miƙo hannu ya turo mata ƙofar daga ciki. Wannan ya fi fim ɗin girgiza ta. Tun da take da shi bai taɓa yi ba, sai ta ji kamar baƙo ne ya zo ɗaukarta.

Ta juya ta koma gida. Ta dawo da hular a hannu, ta rufe ƙofar da ya buɗe, ta miƙa masa ta taga.

"Fito, Malam."

Ya dube ta, ya dubi titi. An riga an fara taɓa juna, wasu har sun ɗaga waya. Ya fito, ya zagayo, ya goga wa kujerar hula sau ɗaya ya ja da baya. Shewa ta tashi.

Ba ta shiga ba. Ta nuna masa gefen kujerar da yatsa.

"Ka bar nan. Ba haka kake yi mini ba."

Ya sunkuya ya sake, lungu-lungu, a hankali. Tun kafin ya gama shewar ta mutu, mai shagon taya ya sauke wayarsa. Ta shiga ta zauna, ta gyara mayafi, shi kuma ya mayar da hular kansa da ƙurarta.