Uwar Tsamiya da Cinyar Kaka

A gidanmu na Fagam, in an idar da sallar isha'i, bakin murhun Kaka muke taruwa. Tana kaɗin zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa, muna gasa gyaɗa. Ni da Ladidi, 'yar kawuna, sa'o'in juna ne, amma ita ce kullum a jikin Kaka. Ita ke riƙe mazari, ita ake aika ta ɗauko gidan tsutsar da aka dafa da toka. Ni sai dai a ce, "Binta, matsa, kin tare haske."

Wata rana wani ƙwaro ya sauka a zanin Ladidi. Na ce malam-buɗe-littafi ne. Ladidi ta ce, "A'a, uwar tsamiya ce."

"Yauwa 'yar gari!" in ji Kaka. Ta ɗora shi a yatsa. "Ku duba jikinta, kauri da gashi. Fiffikenta fari da zane ruwan ƙasa. In ta zauna sai ta kifa shi kamar jinka, ba ta ɗaga shi sama. Danginsu ɗaya da wadda 'ya'yanta ke cin ganyen doka, amma ɗaki daban, zarensu ma daban."

Gyaɗar bakina ta koma ɗaci.

Sai Kaka ta gyara zama ta ce, "To ku buɗe kunne, ga wata ta iso." Wai uwar tsamiya da malam-buɗe-littafi ciki ɗaya suka fito. Ranar rabon tufafi, malam ya yi sammako ya kwashe masu launi, ƙanwarsa ta sami farin da ya rage. Ta ji kunya ta daina fita sai dare, tana leƙen yayanta tana ƙyashi. Ashe shi ma bai huta ba, don ya ji an ce 'ya'yanta na saƙa zaren da manya ke ɗinka riga da shi. Kullum yana buɗe fiffike yana rufewa, yana neman zare ko ɗaya a jikinsa, babu.

"Wa ya fi wani?" na tambaya.

"Su ma ba su sani ba," in ji Kaka, tana shafa kan Ladidi. Na kwana da haushin wannan hannun.

Ni aka kai makaranta Birnin Kudu, har na zama malama. Ladidi ta zauna da Kaka har Kaka ta rasu. Bara na je Basirka, inda Ladidi take zaune yanzu, duba ta ba ta da lafiya, hira ta kai mu ga tatsuniyar. Na ce ai ni ce malam-buɗe-littafin da bai sami zare ba.

Ta yi dariya har da tari. "Ranar da kika hau mota da akwatinki, bayan ɗaki na shiga na yi ta kuka. Kaka ta ce ke mai kai ce, ni mai hannu."

Ban taɓa jin Kaka ta yabe ni ba sai ran nan, a bakin Ladidi. Na yi murna. Amma a kan babur ina komowa, na tarar har yanzu da zan iya, da na ba da akwatin a ba ni dare ɗaya a cinyar Kaka.