Sunan Ɗan Fari

Har yau idan na tuna mutumin nan na Gusau sai na ji raina ya ɓaci. Shi ne ya haɗa mana rumbun bayanai a asibitin da nake aiki a Anka, inda ake auna jinin yara saboda gubar dalma. Sakamakon awo duk yana can wurinsa. Ni aikina in buɗe manhajar nan mai gidaje-gidaje a kwamfuta, in rubuta sunan yaro ko lambar katinsa, ta janyo mini sakamakon.

Wata safiya ta ƙi janyowa. Na duba wayoyin kwamfutar, na duba batirin sola, na kashe na kunna, na sake shigar da kalmar sirri. Saƙo ɗaya take maimaita mini, wai ba a samu haɗuwa da rumbu ba.

A kan benci akwai wata mata daga wajen Zugu, goye da yaro mai yawan sumewa. An ɗebi jininsa makon da ya wuce, sakamakon ne zai nuna ko a kwantar da shi. Ɗan acaɓan da ya kawo ta ya ce ana kiran azahar zai juya, don bayan nan hanyar ta 'yan bindiga ce.

Na yi ta kiran mutumin Gusau, da ƙyar ya ɗauka. Ya ce, "Ka kashe ka kunna?" Kamar in shiga wayar in shaƙe shi. Sai can ya tuna wai ya sauya wa rumbun adireshi jiya, ya manta bai gaya wa kowa ba. Ya manta! Na gyara, ta haɗu.

Na ce wa matar, "Baiwar Allah, ina kati?"

"Ya ƙone, Malam, rad da anka shigo muna gari."

"To mi as sunanai?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan hwari na. Ƙanwar mijina ce tak kawo shi wancan karon."

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Da muna nema da sunan uba ko na ƙauye, amma gwanin namu ya cire, wai yana sa aiki nauyi. Na roƙe shi ya duba mini daga can, ya ce yana shiga taro.

Babu wanda ya san ta a layin. Na matsa mata, don ba ni da wata dabara. Ta dubi maza cike da baranda, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta faɗi sunan a hankali, hawaye na zuba. Na rubuta, na danna. Abin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sabis ya ɗauke.

Wallahi ban taɓa jin haushin aikina irin na ranar ba. Na sa mace ta ajiye kunyarta a gaban jama'a a banza. Likita ya ce ta kwana, ta ce ta baro jaririya da tsohuwa makauniya, ba ta iyawa. Ladan na fara kira ta gyara goyo ta hau babur.

Bayan la'asar sabis ya dawo, sakamakon ya fito da jan rubutu: a kwantar da shi yau. Gidan lambar waya babu komai a ciki.