Ƙaiƙayin Shinkafa a Idon Baba: Daga Liba Zuwa Aliero

Mun tashi da asuba daga Liba, ni da Baba da yayana, idon Baba na dama rufe da gindin kofin roba da na liƙa masa. Jiya wajen sussuka ƙaiƙayin shinkafa ya faɗa masa, idon ya yi jajir, ko buɗe shi ba ya iyawa. Maƙwabta sun kawo tozali da nonon mai jego, na hana a zuba. Har fushi aka yi da ni.

A Maiyama muka samu mota. Kuɗinta ya tashi, amma direban da ya ga Baba sai ya ba shi gidan gaba, ya riƙa kauce wa ramuka kamar ya ɗauko ƙwai. A tashar Jega muka karya da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya, mahauta na ta yi wa Baba sannu. Kafin mu shiga Aliero warin albasa ya tarbe mu, buhuna jibge bakin hanya. Yayana ya ce yanzu dai dukkanmu hawaye muke yi.

Mun yi sa'a, ranar ce likitan ido ke zuwa asibitin Aliero. Ya ɗiga wa Baba wani magani mai ruwan ɗorawa, ya haska shuɗiyar fitila, ya kira ni in leƙa ta na'urar duba ido. Wallahi na ga ƙaiƙayin ƙuru-ƙuru, maƙale a kan baƙin idon! Ya kashe zafin wurin, ya ɗauke shi da tsinin allura. Ya ce da an murza ko an zuba wani abu, da ƙila miki ya ci idon.

Sannan ya rufe idon mai lafiya, ya ɗaga yatsu. Ya ce Baba ya ƙirga.

"Ukku na," in ji Baba. "Kuma likita, zobenka na azurhwa na."

Har ma'aikaciyar jinyar sai da ta yi dariya. Aka ba mu maganin ɗigawa, aka ce mu koma bayan kwana biyu.

Da la'asar muka iso gida, tsakar gida cike da 'yan dubiya. Abin da na koyo shi ne, ido in ya ji rauni a rufe shi, a nufi asibiti. Baba kuwa ya dubi masu tozali ya ce, "Ku bar ganin laihin ɗiyata. Taurin kanta ya ceci idona."