Fuskar da Ba Ta Kai Ƙwayar Gero Ba

Da babban akwatin hoto na fara sana'a a Madarumfa, mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Nauyi gare shi, kuma mutum ɗaya ake ɗauka a tsaya a sake shiri. Amma dodonsa, wato fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, ya kai tafin hannu. Har zanen fuskar mutum kana iya ƙirgawa.

Na sayar da shi a Maraɗi na sayo ƙaramar kyamara ta ratayawa a wuya, mai ɗaukar talatin da shida a fim ɗaya. Kawuna da ya koya mini aikin ya ce, "Wannan abin, dodonsa bai kai ɗan yatsa ba, ina mutum zai shiga?" Na yi masa dariya.

Da ita na ɗauki masunta a bakin tafki, su wajen ashirin, na ja da baya sosai don kowa ya fito. Bayan damina ɗaya daga cikinsu ya nutse. Ranar kasuwa uwarsa ta zo rumfata, tsohuwa daga wajen Safo.

"Ɗana, an ce yana cikin hotonka. Fid da mini shi shi kaɗai, babba."

"An gama, Inna," na ce, ban ko duba ba.

Da na duba, fuskarsa ba ta kai ƙwayar gero ba. Na kai Maraɗi aka faɗaɗa, sai ta watse kamar an zuba kunu a takarda. Mai wankin hoton ya ce, "Abin da bai shiga ba, ba ya fita."

Da na faɗa mata gaskiya a lokacin, da ta yi kukanta ta huta. Sai na ce maganin wanki ya ƙare. Kasuwa ta zagayo, na ce ba a samu mota ba. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Tana zuwa ta zauna a bakin rumfa, ta ajiye mini ƙulli na gyaɗa, ta ce, "Mai hoto, yau ma bai iso ba?" Na koma jin tsoron ranar kasuwa. In na hango kallabinta sai in shige bayan labulen rumfar, alhali ƙofa ɗaya ce.

Daga ƙarshe na ɗauki fensir na zana idanu da baki a kan watsattsiyar fuskar. Na san Bagobiri ne, na ja masa zanensu a kumatu, bakwai a kunci ɗaya shida a ɗayan, na sa a gilashi.

Ta karɓa, ta bi zanen da yatsa tana ƙirgawa a hankali.

"Bakwai ɗin a wancan kuncin suke," ta ce. "Ni na riƙe shi wanzami ya yi."

Na kasa ɗaga kai.

"Rigar dai tasa ce," ta ce. Ta naɗe hoton a gefen zanenta, ta yi mini godiya.

Ba ta sake zuwa ba. Na ji an ce ta rataye shi a ɗakinta, 'ya'yan mamacin suka tashi suna kiran wannan fuska Baba.