Bajon Baba da Tukunyar Inna

Baba, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga yaƙin Bama da abu biyu: tari da kuma bajon hularsa. Tarin ya warke da damina ɗaya. Bajon kuwa, wata 'yar tagulla mai hoton bishiyar kwakwa, yana naɗe a tsumma cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, ba a fito da shi sai da dalili. Duk garinmu Gazara Kofur ake ce masa, shi ma bai taɓa hanawa ba.

Wata shekara samari suka matsa wa wani maƙerin fari na garin Dandamisa ya zuba musu irinsa, su maƙala a hula ranar Sallah. Maƙerin ya zo aro, ya yi ta zuba wa Baba kirari har ya ba shi. Ana saura kwana biyu tsofaffin sojoji su taru a Zariya, Baba ya aika a karɓo. Sai ga maƙeri da kansa, da 'yar ƙwarya, bajo shida a ciki, duk ya goge su da tsamiya da toka suna walƙiya.

"Wanne ne nawa?" in ji Baba.

"Kofur, ai abin da na zo tambayarka ke nan. Wallahi hannuna ne ya yi kyau da yawa."

Baba ya ce ko da hular kaba zai je taron, ba zai tsaya gaban waɗanda suka sha ruwan daji tare da shi da bajon Dandamisa a goshi ba. Abokansa suka cika zaure. Wani ya ciza ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk ɗanɗanonsu ɗaya, amma haƙorinsa ya motsa. Wani ya ce a shinshina, na gaske zai yi warin teku tunda ya hau jirgin ruwa. Ladan ya sa aka jefa su kan dutse a ji ƙara, sai aka rasa wanda ya san kukan tagullar Ingila. Baba ya ɗaga su ga rana, ya lura duk gefensu na ƙasa ya cinye.

"Kai, wa ya ci gindin bishiyar nan?"

"Haka na same shi, Kofur, haka na zuba. Na ɗauka harsashi ne."

"To, harsashi ne mana," in ji Baba, amma muryarsa ba ƙarfi.

Da la'asar ya shigo cikin gida da ƙwaryar, ya zauna bakin rijiya ya yi tagumi. Ban taɓa ganinsa haka ba. Inna tana tankaɗe, ta dube shi, ta dubi ƙwaryar, ta yi salati a hankali. Sai ta jawo tukunyar tuwon da ba a wanke ba.

"Malam, miƙo su nan. Amma ka yi alkawarin ba faɗa."

Ta ɗauki na farko ta kankari ƙanzo, ya lanƙwashe kamar ganye. Na biyu ya karye. Na uku ta ajiye tun bai taɓa tukunya ba, ta ce bai zauna mata a yatsa ba. Na huɗu kuwa da ta ɗora, sai muka ji ƙarrr, ƙanzo ya taso fal-fal. Ta goge shi da gefen zane ta miƙa masa, kanta a ƙasa.

Baba ya karɓa, ya jujjuya shi a hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun watan da ka dawo. Ba abin da ke fid da ƙanzo kamarsa, Malam. Kullum ina wankewa in mayar, da bisimilla."

"Wato harsashin da na gaya wa mutane ɗazu, tuwon dawa ne?"

"Kai ma ai kana cin ƙanzon, har kana neman ƙari."

Ya so ya ɗaure fuska, gemunsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya yi dariya har tsohon tarin ya leƙo.

Ya je Zariya da bajonsa a hula, ya dawo wa Inna da cokalin ƙarfe sabo. Ta yi godiya, ta gwada kwana uku, ta ce cokalin dai na da ladabi amma bai san aiki ba. Da safe muka tarar Baba ya kafa ƙusa a bangon madafa ya rataye bajon.

"Ranar taro nawa ne," ya ce. "Amma ki riƙa kankara da ɗaya gefen, kada bishiyar ta faɗi."